GARA A CI MU A FILI DA A HANA MU BUGAWA

 

Akwai wata gardama da ta ƙi tsufa a majalisun ƙwallo na Zariya. Daga teburin mai shayi a Tudun Jukun har Magume da Tukur-Tukur da Agoro, duk inda waɗanda suka ga zamanin Rashidi Yekini suka haɗu, sai wani ya tayar da ita: da a ce Najeriya ta je gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 1996, wa zai ɗauki kofin? Ku lura, ba ma irin wannan gardama a kan wasannin da aka ci mu. Italiya ta fitar da mu daga gasar cin kofin duniya ta 1994, Roberto Baggio ya farke ana saura minti biyu a tashi, ya ƙara ta biyu a ƙarin lokaci. Abin ya yi ciwo, amma mun gani da idonmu, mun yi jimami, mun haƙura. Wasan da ba a buga ba shi ne har yau yake cin rai.

Ga ƙannenmu da ba su riski lokacin ba, ga yadda aka yi. A 1994 Super Eagles ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya, ta doke Zambiya da ci 2-1, Emmanuel Amuneke ne ya ci duka biyun. A shekarar FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa hawa kafin nan. Sai ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan Ogoni takwas a Fatakwal. Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya nemi a ƙaƙaba wa Najeriya takunkumi, aka dakatar da ita daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, zumunci ya yi tsami. Da gasar ta zo a Janairun 1996, gwamnati ta ce ba ta aminta da tsaron 'yan wasanmu a can ba, ta hana su tafiya. Aka buga da ƙasashe 15 maimakon 16, mai masaukin baƙi ta doke Tunisiya 2-0 a wasan ƙarshe. Hukumar CAF kuma ta haramta mana shiga gasar 1998 ta Burkina Faso. Gasa biyu ke nan suka wuce mu, ba tare da an zura mana ƙwallo ko ɗaya a raga ba.

A wancan rikici rayuka aka rasa, kuma ƙwallo ba komai ba ce idan ana maganar rai. Amma shi ɗan wasa ƙuruciyarsa ce jarinsa, kuma ba ta jiran a gama siyasa. Wata shida bayan gasar da aka hana su, yaranmu suka je Atlanta, suka doke Brazil 4-3, suka doke Ajantina 3-2, suka dawo da zinaren Olamfik. A cikinsu akwai 'yan jiharmu, haifaffun Kaduna: Daniel Amokachi da Celestine Babayaro, waɗanda kowannensu ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe, da Tijani Babangida da Garba Lawal. Wannan nasara ita ce ta ƙara wa gardamar wuta. Mutane suka ce, wanda ya kayar da Brazil, wa zai tsaya masa a Afirka?

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tabo ba. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake dukan 'yar ƙwallo da kulki a ruga a zagaye fili, kuma yadda muke haukan tamaula haka masoyansa suke a kansa. A watan Agustan 1994 'yan wasan babbar gasarsu suka shiga yajin aiki saboda taƙaddama da masu ƙungiyoyi a kan albashi. Aka soke sauran kakar, har da wasannin ƙarshe da suke kira World Series, abin da rabon da a ga irinsa tun 1904. Ƙungiyar da ta fi kowa a lokacin ita ce Montreal Expos ta Kanada, ta ci wasa 74, aka ci ta 40. Ƙungiya ce marar kuɗi, ga matasa irin su Pedro Martinez da Larry Walker. Da aka janye yajin aikin a 1995, sai ta rabu da manyan 'yan wasanta saboda ba ta da abin riƙe su, 'yan kallo suka ja baya, bayan kakar 2004 aka kwashe ƙungiyar ɗungurungum zuwa Washington, aka sauya mata suna. A can ta ɗauki kofin a 2019, a wani gari, a gaban wasu mutane.

Me masoyan Montreal suka yi? Suka koma ga kwamfuta. Akwai manhajoji irin su Out of the Park Baseball da ake zuba wa alƙaluman kowane ɗan wasa, su buga kakar da ba a buga ba, wasa bayan wasa, har a kai ga kofi. Wasu ma sukan zauna su rubuta labarin kakar dalla-dalla kamar rahoton jarida, da wanda ya ji rauni da wanda ya zama gwarzo. Wanda bai san ciwon ba zai ce shirme ne. Ni na fahimce su sarai, domin muna yin irinsa.

Kwanaki na leƙa wani gidan gem a nan unguwarmu ta Tudun Jukun. Janareta na ruri a ƙofa, yara sun cika benci, wasu na tsaye suna leƙe ta kafaɗa. Wani yaro, da alama ba a haife shi ba sai bayan rasuwar Yekini a 2012, ya riƙe fad yana rubuta sunaye harafi-harafi: Okocha, Finidi, Oliseh, Kanu. Wani magidanci da ya zo kiran ɗansa ya manta da abin da ya kawo shi, ya tsaya yana gyara musu jeri. "A'a yaro, Amokachi ba a gefe yake ba, mayar da shi gaba, ka ƙara masa ƙarfi." Yaron ya ce, "To Baba, gudun Babangida nawa zan sa?" Ya ce, "Cika shi duka." Suka buga da Afirka ta Kudu, suka ci, ɗakin ya kaure da ihu. Na ji daɗin ganin haka, domin ta wannan hanya tarihi ya tsallaka daga uba zuwa ɗa, ba allo ba alli.

Sai dai mu gaya wa kanmu gaskiya. A kakar da muke ƙirƙira, mu ne kullum da kofi. Ba mai jin rauni, alƙalin wasa ba ya kuskure, Lucas Radebe da Mark Fish na Afirka ta Kudu ba sa tare komai. Alhali Afirka ta Kudu ta 1996 tana gida, Mandela na cikin 'yan kallo, kuma ta lallasa Ghana 3-0 a wasan kusa da na ƙarshe. Wasu kan kafa hujja da shekarar 2000, da Tijani Babangida ya zura musu biyu a Legas. Gaskiya ne, amma bayan shekara huɗu ne, kuma a gidanmu, sannan kwanaki kaɗan bayan nan Kamaru ta ɗauke kofin a gabanmu a bugun fenariti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ita wannan ranar ce aka hana kowa. An cuce mu, an kuma cuci Afirka ta Kudu, domin har gobe akwai masu cewa kofinta na bayan idon Najeriya ne. Ko nasararmu ta 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, a Johannesburg ta can Afirka ta Kudu, ta sanyaya zuciya amma ba ta rufe gardamar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba mu daddara ba. A 2018 an tsayar da gasar firimiyar Najeriya bayan mako na 24 saboda rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, aka miƙa wa Lobi Stars da ke saman tebur tikitin gasar Afirka. A 2020 annobar korona ta tsayar da gasar Plateau United na kan gaba. Ta korona ƙaddara ce da ta faɗa wa duniya baki ɗaya. Ta 2018 kuwa mutane ne suka yi ta da hannunsu a ofis.

Mu sauko gida. Kofi nawa aka fara a unguwanninmu aka kasa gamawa? Na san wata gasa da yara suka yi karo-karo suka biya kuɗin rajista, suka ɗinka riguna, suka share fili da hannunsu, suka zuba toka a kan layi. Da aka kai wasan kusa da na ƙarshe, sai rigima ta tashi a kan shekarun wani ɗan wasa, magoya baya suka shiga fili, masu shirya gasar suka ce sai an zauna. Ba a zauna ba har yau. Kofin yana nan a saman kanta a wani shago, a cikin ledarsa, ƙura ta rufe shi. Yaran sun girma, wasu sun yi aure, amma idan suka haɗu maganar ɗaya ce: da an buga, da mu ne. Kowane ɓangare haka yake faɗa, kuma gabar da ta shiga tsakaninsu ba ta fita ba.

Don haka ina roƙon iyayenmu masu sa kofi, da kociyoyi, da shugabannin matasa. Kafin a busa usur na farko, a rubuta dokoki kowa ya sa hannu. A tantance shekaru tun wajen rajista, ba ranar da aka ga yaro yana cin ƙwallo ba. A damƙa kuɗin kyauta a hannun dattijon da kowa ya yarda da shi. A sanar da mai unguwa, a samu masu tsare fili. Ɗan siyasar da ya sa kofi ya cika alkawari ko an ci zaɓe ko an faɗi. Mu kuma magoya baya, mu koyi karɓar kaye, domin wanda aka ci yau yana da baɗi, wanda aka hana bugawa ba shi da komai sai gardama.

Yaranmu su ci gaba da ƙirƙirar kakar da suke so a gidan gem, ba laifi ba ne. Amma haƙƙinsu ne a kanmu mu ba su ta gaske, wadda ake farawa a gama, a ɗaga kofi kowa na kallo, wanda aka ci ya miƙa hannu a gaisa.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya haɗa kan matasanmu, Ya ba mu shugabanni masu cika abin da suka fara.