Ido a Sama, Kunne a Ƙasa

Mai nazarin harshe kan zaɓi kyamara ne domin fuskar mai magana, wanda ke zaune wuri guda a inuwa. Ni kuwa bana aikin digirina na biyu ya haɗa ni da abin da ba ya zama: ƙaramin jirgin sama da ƙanena da abokansa ke ƙerawa da soso da katako, suna sarrafa shi daga ƙasa a wani fili bayan garin Dogon Dutsi. Bincikena a kan yadda Arewanci ke raɗa wa sabon abu suna yake, kuɗin hannuna kuwa na kyamara guda ne.

Kada a raina wannan wasa. Aziz Kountché, wanda ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai, da ƙera ƙananan jirage ya fara, kuma a 2016 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta yi amfani da jirginsa wajen zana taswirar sansanoni a jihar Difa. Sana'a na tsirowa, kalmominta ma suna tsirowa tare da ita.

Jirgin yana da nasa sharuɗɗan. Da ya yi nisa sai ya koma ɗigo, don haka ana bukatar kyamarar da ke jawo hoto da gilashinta, kamar ninki 20. Jawowar wayar salula sau da yawa faɗaɗa hoton kawai take yi har ya dusashe. Ana son hoto 50 a daƙiƙa maimakon 25, domin a iya rage gudun juyin da ya yi. Ana son kafar leƙawa ta ido, saboda ranar Afrilu kan shafe allo. A lokacin hunturu kuma hazo kan ruɗa saitin da kyamara ke yi da kanta, sai an saita da hannu, ga ƙura da ke shiga duk kyamarar da ake cire wa gilashi.

Amma abin da nake nema yana ƙasa, a bakin samarin. Su ba sa jiran kwamitin fassara. Na'urar sarrafawa wani ya ce mata linzami, wani ya ce akala, kowa da dabbar da ya taso yana gani. Idan jirgin ya sulalo ƙasa da sauri, sai su ce ya kai sura, sun ba shi halin shirwa. Haka harshen ya saba yi: jirgi na ruwa ne tun asali, kafin ya hau dogo, kafin ya tashi sama.

A nan sauti ya zama alƙali. Ba'are kan ce hwaɗi inda Bakano zai ce faɗi. Bambancin hw da f ɗan huci ne, kuma iska na hura makirfon kyamara, shi take fara cinyewa. Ƙarar farfela kuwa tana danne karin sauti da tsawon wasali. Wanda zai zauna yana rubuta magana a manhajar ELAN ya san hoto mai kyau ba ya mayar da baƙin da iska ta tafi da shi.

Saboda haka na bar kyamarar da ta fi kaifin hoto, na ɗauki mai matsakaicin ƙarfi wadda ke da kafar jona makirfo na waje da ta abin sauraro. Ragowar kuɗin na sayi makirfo mai rigar gashi ta tare iska, da batir na biyu. Ƙanena bai ji daɗi ba, domin shi jirginsa yake son gani tar, kuma yana da gaskiyarsa: an ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ga ƴan'uwana ɗalibai masu shirin fita bincike a Matankari ko Tibiri, ku tambayi kanku tun kafin shiga kasuwa: wane abu ne idan ya kuɓuce ba ya dawowa? Jirgi in ya faɗi, a gyara shi gobe ya sake tashi. Kalmar da yaro ya raɗa cikin zumuɗi kuwa, sau da yawa shi kansa ba ya tuna ta da yamma.