Kwalbar da ta tsufa kafin lokacinta

A gabashin Faransa akwai yankin da ake kira Burgandi. Can ƙauyukan Meursault da Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet suke, a jere gindin tudu ɗaya, kudu da garin Beaune. Farin inabi suka fi nomawa, irin da ake kira Chardonnay, su matse shi su yi giya. Ba abin shanmu ba ne, maƙwabci, na sani. Amma abin da ya sami kwalabensu ya isa a zauna a duba, domin zance ne na ajiya da amana.

Mai sayen wannan giya ba don ya sha a ranar yake saye ba. Yakan biya kuɗi mai nauyi, ya kai kwalbar ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, ya kwantar da ita, ya jira shekara 10, wani har 20. An gaya masa jiran ne ke ƙara mata daraja. Da can kuwa jiran yakan biya.

Sai a farkon shekarun 2000 aka soma buɗe na girbin 1995 da 1996. Ruwan da ya kamata ya fito garau sai ya fito da duhu, ya doshi ruwan ƙasa. Ƙamshin ya tafi, sai warin tuffa da ta bugu da na zuma da ta daɗe. Ka san yadda goro ke yi in ka ɓare shi ka manta da shi a aljihu. Iskar oksijin ce ta taɓa shi, kuma ita ce ta taɓa wannan. Bambancin shi ne wannan a toshe yake, an biya kuɗi don kada iska ta kai gare shi. 'Yan kasuwar suka laƙaba wa cutar suna, premox.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne rashin tsari. Kwali ɗaya ne mai kwalba 12, daga gona ɗaya, an ɗura su rana ɗaya, sun kwana ɗaki ɗaya. Ka buɗe wannan ka tarar lafiya lau. Ka buɗe ta kusa da ita ka tarar da mushe.

Matoshi aka fara tuhuma. Ɓawon wani itace ne da ya fi yawa a Fotugal, ƙasar da ke ba da kusan rabin na duniya, kuma sai bayan shekara 9 ake sake ɓare itacen. Ɓawo kuwa ba ya zuwa iri ɗaya. Wani ya matse wuyan kwalba gam, wani yana barin iska tana kurɗawa kaɗan kaɗan. A waɗancan shekarun an kuma sauya yadda ake wanke shi da abin da ake shafa masa. Wannan ya bayyana dalilin da kwalba ke bambanta da 'yar'uwarta. Bai bayyana dalilin da giyar ta kasa jure iskar da giyar shekarun baya ta jure ba.

Nan ne zancen ya koma gidan masu yi. Tsohon injin matsa yana murƙushe inabi da ƙarfi, ruwan ya fito da kauri da guiɓi. Sabon injin, mai balan-balan a ciki, yana matsawa a hankali, ruwan ya fito tas. Kowa ya yaba. Aka rage farar wuta, wadda aka daɗe ana zubawa don ta tare iska, saboda masu saye suna son giyar da ke da daɗi tun tana sabuwa. Aka yawaita dama guiɓin ganga da sanda don giyar ta yi maiƙo a baki, alhali kowace damawa buɗe ganga ce. Masu bincike na Jami'ar Bordeaux, Denis Dubourdieu da Valérie Lavigne, sun ja hankali ga wani sinadari, gulutatiyon, wanda inabi da guiɓin yis ke ɗauke da shi, yake kuma kare giya daga iska. Kurangar da ta sha fari ko ta rasa abinci a ƙasa ba ta ba da shi da yawa.

Ban ga mugu a cikin labarin nan ba. Kowane sauyi gyara aka nufa da shi. An so tsabta, an so laushi, sai aka tace har da garkuwar. Abin da ke damuna shi ne wanda ya ɗauki asarar. Manomi ya karɓi kuɗinsa tun shekarar farko, dillali ya ci ribarsa. Wanda ya yarda da alkawarin jira shi ya tashi da kwalbar da sai dai a tuttular, kuma bayan shekara 8 ba kowane mai sayarwa ne ke karɓar ƙorafi ba.

Yanzu gidaje da dama sun koma matoshin Diam, wanda ake yi da niƙaƙƙen ɓawo da aka tsabtace aka manne, don duka su zo daidai. Wasu manoman Clare Valley na Ostareliya tun 2000 suka haɗa kai suka rungumi murfin ƙarfe mai murɗawa. A Burgandi kuma wasu sun dawo matsa inabi da ƙarfi. Wasu ma da gangan suke barin ɗanyen ruwan ya sha iska har ya yi duhu kafin ya fara tsima, don abin da zai lalace ya lalace tun da wuri ya kwanta ƙasa.

Masu saye da yawa sun daina dogon jira. Kwalbar da a da za a ajiye wa ɗa, yanzu a shekara ta 5 ko ta 6 ake buɗe ta. Farashin Meursault kuwa bayan lokacin ya yi ta hawa.