Abin Da Na Gani A Bakin Ruwan Zobe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin zuwana Zobe, a ƙasar Dutsin-Ma.

Madatsar nan ta ƙasa ce, da ita aka tare kogin Karaduwa, aka gama ta a 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari. Tsawonta ya fi kilomita 2 da rabi. Ruwa ya kwanta iyakar ganin mutum, amma ya daɗe jama'a ba su more shi sosai ba, sai a 2021 aka buɗe aikin tura shi garuruwa.

To, ba ruwan ya tsayar da ni ba. Na iske waɗansu masu noman rani sun yi jugum kewaye da injin da ke ba famfunansu wuta. Bututun hayaƙinsa ya tsage, ga tumatir ya kwana biyu bai sha ba, ya fara laushi. Suka ɗauko wani mai walda daga Kurfi, suka ce lalle a gama kafin magariba.

Ni da na zaci zai ɗora wuta nan take. Ina! Sai da ya kwance bututun, ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ƙara gaba, ya goge bakinta ya yi kwari. Ya ce ƙarfen zubi ne, ba ya son gaggawa: in an ɗora masa wuta yana da sanyi, sai ya sake tsagewa gefen ɗinkin. Saboda haka ya gasa shi a garwashi, ya riƙa ɗinkawa kaɗan kaɗan yana bubbugawa da 'yar guduma.

Da ya gama ya binne shi cikin busasshen rairayi. Wani dattijo ya ce, "Haba yaro, a zuba masa ruwa mana mu tafi!" Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, in na zuba, gobe ma kuna nan." Ni dai na ga gaskiyarsa, ko da yake ba tumatir ɗina ne ke ƙuna ba.

Magariba ta wuce ba a tona ba. Sai da asuba aka ɗaura, injin ya tashi, ruwa ya bi kwalbati. Fadamu biyu na can ƙarshe ba su farfaɗo ba.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Dutsin-Ma.