Wasiƙa daga Limerick: Wasan Sanda da Makomarsa

Zuwa ga Yayana,

Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Ka tambaye ni wane irin wasa ne wannan da ya raba ni da kallon Firimiya ranar Lahadi. Sunansa hurlin, kuma mutanen Ayalan ba su da abin da suke tinƙaho da shi kamarsa. Mutum 15 ne kowane ɓangare, kowa da sanda mai faɗin baki kamar muciya, suna bin wata 'yar ƙwallo mai tauri da ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Ka zura ta a raga, maki 3. Ka ɗaga ta ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku biyu, maki 1. Minti 70 ake yi, da hutun rabin lokaci a tsakiya. Tun 2010 aka wajabta wa kowa hular kwano, don kafin nan haƙora da yawa sun zube a filayen ƙasar nan. Kuma ba mai karɓar albashi. Wanda ka gani gaban mutum 82,300 a filin Croke Park na Dablin, gobe da safe malamin makaranta ne ko manomi ko ma'aikacin banki. Haka ƙungiyarsu ta GAA ta tsara tun kafuwarta a garin Thurles a 1884.

Na zo garin nan a kan gaɓa, don Limerick ta ɗauki kofin ƙasa a 2018, ta kuma jera huɗu daga 2020 zuwa 2023. A unguwarmu yaro ba ya fita sai da sandarsa. In ka bi ta bayan makaranta da la'asar, abin da za ka ji shi ne ƙas, ƙas, yara sun sa bango gaba, su buga ta dama, su cafe, su buga ta hagu, har duhu ya kore su.

Duk da haka, dattawa ba su daina ƙorafi ba. Sun ce wasan ya zama na lissafi: 'yar gajeruwar miƙa daga hannu zuwa hannu, maimakon a yi bugu mai nisa a bar maza su yi gumurzu a sama. Doka ta ce in za ka miƙa da hannu sai ka saki ƙwallon ka mare ta a fili, amma da yawa jefawa kawai suke yi, alƙalin wasa kuwa idonsa ba ya iya bin saurin. Sun kuma ce maki ya yi arha, tunda yanzu ana ci daga tsakiyar fili, har daga bayansa. A wasan ƙarshe na 2024, Clare ta doke Cork da maki 38 da 37 bayan ƙarin lokaci. A batun jifa ina tare da su, a ƙarfafa doka a hukunta mai yi. Amma wanda ya kalli wasan nan na 2024 ya ce hurlin ta lalace, ban yarda da shi ba.

Ciwon da ya fi damuna ba a cikin fili yake ba. Gundumomi 32 ne a tsibirin, amma 11 kacal ke fara gasa a babban rukuni. Kilkenny na da kofi 36, Cork 30, Tipperary 29 har da wanda ta ɗauka a 2025. Lardin Ulster mai gundumomi 9 bai taɓa ɗauka ba. Antrim ce ta kai wasan ƙarshe a 1943 da 1989, duka ta sha kashi. A yamma kuwa Galway ta rasa abokin karawa a lardinta, har sai da ta koma buga gasar lardin Leinster a 2009. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A waɗancan wurare ƙwallon ƙafarsu ta gargajiya ce ke da kuɗi da fili da jama'a, hurlin sai abin da ya rage. Akwai gundumar da kulob ɗin hurlin nata ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, to da wa yaro zai kara? Ita kuwa sandar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai riƙe ta yana ɗan shekara shida ko bakwai ba, da wuya ya kamo yaran bayan makarantarmu.

Shi ya sa nake ganin kuɗin da gundumomi ke zubawa wajen horar da manyan 'yan wasa talatin, a gutsuri rabo mai tsoka a kai firamare a Cavan da Leitrim da Fermanagh: mai koyarwa na dindindin, sanda da hula kyauta, da motar da za ta kai yara wasa gundumar maƙwabta. Sannan a daina ɓoye manyan wasanni a tashar intanet ta biya. An yi ta cece-kuce a kan haka a 2023, kuma masu fushin suna da gaskiya. Yaron da bai gani ba, me zai sa ya yi sha'awa? Ga shi tun 2022 an dawo da wasan ƙarshe watan Yuli, alhali a da sai Satumba, kafin ka ce kwabo an gama.

Akwai kuma batun itacen kansa. Da bishiyar ash ake sassaƙa sandar, kuma daga gindinta, inda jijiyar itacen ta lanƙwasa ta bi saiwa, don a nan ne bakin sandar ke samun ƙwari. Na ga masassaƙi yana ɗaga katako yana bin layin jijiyar da babban yatsa kafin ya yarda ya sa masa zarto. Tun 2012 wata cutar fumfuna ta shigo tana busar da bishiyoyin, har wasu masu sana'ar sun rufe. Wasu sun koma yi da gora, manyan 'yan wasa ma suna riƙe ta. Ni ban ga aibu ba, gara sandar gora a hannun yaro da hannu wofi.

UNESCO ta sa hurlin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2018, amma ba takarda ce za ta raya ta ba, yaran gundumomi 21 ɗin nan ne.

In ka samu sarari, nemi wasan Clare da Cork na 2024 a YouTube ka kalla tare da yara, ka rubuto mini ra'ayinka. Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka.