Allo na Biyu

Akwai wani ɗalibin Hausa a Damagaram wanda kakansa ya rasu ya bar tulin takardun ajami: wasiƙu, lissafin bashi, da ƴan waƙoƙin wa'azi da tsohon ya kwafa da hannunsa. Takardun sun yi laushi, gefensu ya soma marmashewa, gara ma ta riga ta taɓa wasu. Kawunsa, wanda suke ajiye a wurinsa, ya ba shi aronsu na kwana uku kacal. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, ya mayar da su. Abin da ya rage masa shi ne juya su zuwa boko, kuma a kan wannan aiki kundinsa na kammala jami'a ya rataya.

Kwamfutar da yake aiki da ita irin ta tebur ce, shi ya harhaɗa ta da kansa. Akwatin na hannu ne, katin hoto kuwa wani aboki ya sayar masa da ya sami wanda ya fi shi. Tana aiki lafiya lau, sai dai allonta ɗaya ne. Kullum sai ya buɗe hoton shafi, ya karanta layi, ya rufe, ya koma wurin rubutu, sannan ya sake dawowa yana laluben inda ya tsaya. Wanda ya taɓa karatun ajami ya san abin da wannan ke jawowa. A rubutun warashi, harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon da ake sa wa ƙarƙashin harafi don nuna wasalin e. Idan aka raba hoton da rubutun a allo guda, shafin yakan ƙanƙance har ɗigo ya saje da dattin takarda.

Ranar da ya kai babi na farko, malamin da ke duba aikin ya ajiye hoton wata wasiƙa kusa da abin da ya rubuta, ya ce, “Ɗana, ka tsallake layi biyu a nan. Da wannan tsallake ka mai da kakanka mai cin bashi, alhali shi ne ake ci wa.” Ɗalibin ya dawo gida jikinsa a sanyaye. Kuskuren ya wuce na maki, domin takardar danginsa za su karanta ta.

Sabon allo ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya sami wani tsoho mai inci 19, irin mai kusan murabba'i da ofisoshi suka daina yayi, a kan kuɗi kaɗan, haɗe da wayarsa mai shuɗin kai. Wannan waya ita ce VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, mai allurai 15. Ya leƙa bayan akwatin, ya ga shuɗiyar kafa a sama kusa da inda ake sa linzami, ya cusa, ya ɗaure kusoshinta biyu, ya kunna. Allon ya yi baƙi ƙirin.

Washegari ya shiga kasuwa ya yi wa wani mai sayar da wayoyi bayani. Mutumin ya miƙo masa wani ɗan akwati mai shiga ɗaya da fita biyu, wanda ke raba hoton HDMI, ya haɗa masa da adaftar da ke juya HDMI zuwa VGA. Ya biya, rabin abin da ya ware na buga kundi ya tafi. A gida hoto ya fito tangaram, ya yi murna na ɗan lokaci, sannan ya lura cewa duk abin da ke wannan allo shi ne a wancan. Ya motsa linzami, kibiya biyu suka motsa tare.

A ƙarshe ya ɗaura akwatin a bayan babur ya kai wa wani dattijo mai gyara. Dattijon bai ko kunna ta ba. Ya juya bayanta zuwa haske ya ce, “Samari, zo ka ƙirga kafofin nan da ni.”

Ya nuna masa cewa kafofin hoto rukuni biyu ne. Na sama na babban farantin da ake kafa dukkan sassa a kansa ne, kuma ba sa fitar da komai sai idan ƙwaƙwalwar kwamfutar tana da sashen sarrafa hoto a cikinta. Wasu ba su da shi, kamar na Intel da lambarsu ta ƙare da harafin F. Ko da akwai shi, yawancin faranti sukan kashe waɗannan kafofi da zarar an sa katin hoto, sai an shiga saitin BIOS an buɗe su. Na ƙasa kuwa, waɗanda ke kwance a jere, su ne na katin hoto, kuma kati ɗaya yana iya ciyar da allo biyu ko uku, kowanne da hotonsa dabam.

“To, Baba, ɗan akwatin nan fa da na saya?”

“Ai shi maimaitawa ya iya. Kwamfuta allo ɗaya take gani a bayansa, shi kuma ya kwafa gida biyu. Masu shagon kallon ƙwallo yake wa amfani.”

Sannan ya sa farce ya cire wani murfin roba daga jikin katin. A ƙarƙashinsa akwai farar kafa mai faɗi, wato DVI, wadda ta fito a 1999. Ya tambaye shi ko ya duba ƙarƙashin tsohon allon da kyau. Ɗalibin ya tuna ya ga wata fara kusa da shuɗiyar, amma bai kula ta ba. Dattijon ya jawo wata tsohuwar waya daga kwali ya ce wannan kaɗai ake bukata. Ya ƙara masa da cewa DVI da HDMI yarensu ɗaya wajen hoto, shi ya sa ƴar adafta marar komai a ciki take haɗa su. VGA ita ce bare, domin siginarta ta tsohon salo ce, dole sai da na'urar da ke fassara, kuma fassarar hanya ɗaya take bi: wadda aka yi don HDMI zuwa VGA ba ta yin akasin haka. Kuɗin wayar bai kai rubu'in abin da ya kashe a kasuwa ba.

Da dare ya haɗa. Ya danna maɓallin Windows tare da P, ya ɗauki zaɓin faɗaɗawa maimakon na kwafi, sai kibiyar ta fice daga gefen wannan allo ta ɓulla a wancan. Ya kwance gindin tsohon allon, ya tsayar da shi a tsaye ya jingina da bango, ya tokare shi da ƙamus biyu, ya juya hoton a cikin saiti. Shafin kakansa ya cika allon daga bisimilla har sa hannu, kowane ɗigo a wurinsa.

Wasiƙar nan ya fara buɗewa. Idonsa na hagu, yatsunsa na rubutu, bai rufe komai ba. Layukan biyu suna nan: sunan wanda ya karɓi buhunan gero, da alkawarin biya bayan kaka. A ƙasan shafin ma ya ga wani ɗan rubutu da tawada mai haske, wanda bai taɓa lura da shi ba, inda tsohon ya rubuta cewa ya yafe.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya je ya karanta wa kawunsa. Kawun ya yi shiru, sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata jakar fata da bai taɓa nuna masa ba, ya ce, “Wannan kuma ka riƙe ta har ka gama.”