Heidelberg, Garin da Jami'a Ba Ta da Katanga

Da hantsi jirgin ƙasa ya sauke ni a Heidelberg daga Frankfurt. Ƙanena da ke karatu a can ya tarye ni, muka nufi tsohon gari, kekuna na ta gifta mu. Da tafiya ta miƙa na tambaye shi ina ƙofar jami'ar take. Ya ce, "Yaya, ai tun ɗazu a cikinta kake." Babu katanga, babu maigadi. Ga aji, ga shagon burodi, ga ɗakin karatu, duk a layi ɗaya. A 1386 aka kafa ta, kusan zamanin da Wangarawa suka iso Kano, kuma babu wadda ta girme ta a Jamus ta yau.

Ya shigar da ni wata lacca na zauna a baya. Malami na rufe baki sai ɗalibai suka hau ƙwanƙwasa tebura da bayan yatsu. Gabana ya faɗi, na ɗauka bore ne. Ashe haka suke yi wa malami godiya! Daga nan wata yarinya ta tare farfesan tana ja da shi kan wani lissafi, shi kuwa ya koma allo ya sake dubawa, ko a jikinsa.

Inda na fi daɗewa shi ne tsallaken kogin Neckar, a Neuenheimer Feld, unguwar kimiyya da asibitoci. Nan cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar take, wadda Harald zur Hausen ya shugabanta, mutumin da ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ya samu kyautar Nobel a 2008. Na leƙa ɗakin gwajin su ƙanena. Kowane ɗalibi da madubin ƙara girma nasa, da teburinsa. Na tuna yadda muke cincirindo a kan guda ɗaya a gida, wani har a tashi bai sa ido ba. Yaron da na sani da haddar littafi, ga shi yana sarrafa na'ura da hannunsa, abokan aikinsa ɗan Indiya da 'yar Brazil. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

A ɗakin cin abincin ɗalibai na Marstall kuwa, na tarar awo ake yi wa farantinka a sikeli, ka biya gwargwadon nauyinsa.

Na tambayi kuɗin makaranta. A jihar da Heidelberg take, ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai na biyan Yuro 1,500 kowane zango tun 2017, amma a yawancin jihohin Jamus jami'o'in gwamnati ba sa karɓar komai sai ɗan kuɗin rajista. Doka ta ba ɗalibi damar yin aiki na wasu kwanaki a shekara, da shi ƙanena ke rage kuɗin haya.

Da yamma ya kai ni bakin kogi ya nuna mini allon wani titi: Iqbal-Ufer. Sunan Muhammad Iqbal ne, mawaƙin da Pakistan ke tinƙaho da shi, wanda ya zo garin koyon Jamusanci a 1907.