Luwiziyana: Inda Ake Neman Kakanni A Littafin Cinikin Gona

Idan ɗanka ko 'yarka ta yi aure cikin baƙaƙen fatar Amurka, wata rana jika zai tambaye ka asalinsa. Naka ɓangaren mai sauƙi ne, ka lissafo wane ya haifi wane har ka kai ga wanda ya kafa gida. Ɗaya ɓangaren kuwa sau da yawa yakan tsaya cik a shekarar 1870, domin ƙidayar wannan shekara ce ta farko da gwamnatin Amurka ta rubuta waɗanda suka fito daga bauta da sunayensu. A ƙidayar 1850 da ta 1860, sunan ubangida kaɗai ake sawa, a ƙarƙashinsa a jera shekaru da jinsi da launin fata, kai ka ce lissafin garke ake yi. To, in surukanka mutanen jihar Luwiziyana ne, katangar nan tana da ƙofofi fiye da na yawancin jihohi. Sai dai a warwatse suke, dole ka taka.

Dalilin yana cikin tarihin ƙasar. Faransawa suka kafa birnin New Orleans a 1718, jiragen bayi na farko daga Afirka suka iso a 1719. Daga baya mulki ya koma hannun Sifen, sannan Amurka ta saye yankin a 1803. Faransa da Sifen duk masu son rubutu ne. Ciniki, gado, jingina, 'yanta bawa, komai sai an kai gaban notari, wato magatakardan da hukuma ta yarda ya rubuta yarjejeniya ya kuma adana ta. Bayan zuwan Amurka ma, dokar yankin ta ɗauki bawa a matsayin dukiya irin ta ƙasa, saboda haka cinikin mutum yana littafi ɗaya da cinikin gona. Abin da ciwo, amma ta nan sunaye suka tsira.

Kafin ka sayi tikiti, zauna da tsofaffin gidan. Abin da kake nema a bakinsu ba sunan jiha ba ne, sunan farish ne. Luwiziyana ta kasu farish 64, kwatankwacin ƙananan hukumomi, kowanne da kotunsa da akawun da ke riƙe da littattafan aure da gado da ciniki. Wanda bai san farish ɗin kakansa ba kamar wanda ya sauka Kano ne yana cigiyar gidan Malam Musa. Tambayi kuma cocin da suke zuwa, da gonar da aka ce tsohon ya yi wa aiki, da inda aka binne shi.

Zangon farko Baton Rouge, babban birnin jihar, inda taskar tarihin jiha take. Takardar mutuwa kake so, don takan ɗauki sunan uba da na uwa, ka ga ta matsar da kai baya da tsatso guda. Ba a buɗe ta ga jama'a sai ta shekara 50, ta haihuwa kuwa sai ta shekara 100. A 1911 aka soma rajistar mutuwa a faɗin jihar, amma New Orleans ta riga kowa da fiye da ƙarni. Yini ɗaya ya ishe ka a nan in ka zo da sunaye a hannu. Littattafan bankin 'yantattun bayi, wanda ya yi aiki daga 1865 zuwa 1874 kuma yana da reshe a New Orleans, ba sai ka je ko'ina ba, suna FamilySearch kyauta. Mai buɗe asusu yakan faɗi sunan iyayensa da 'yan'uwansa, wani lokaci har da gonar da ya fito.

Daga nan ka gangara New Orleans, tafiyar kimanin kilomita 130. Gari ne mai zafi da gumi, ruwa ya kewaye shi har ana gina kaburbura a saman ƙasa. In an kawo maka miyarsu da ake kira gambo ka ga kuɓewa a ciki, ci abinka, ba baƙuwa ba ce. Taskar takardun notari tana titin Poydras, kuma a ganina ita ce ta cancanci mafi yawan kwanakinka. Kundayenta sun faro tun shekarun 1730. Amma ka sani, da sunan notari da kwanan wata aka jera su, ba da sunan wanda aka sayar ba. Sai ka fara gano ubangidan, ka gano notarin da yake mu'amala da shi, sannan ka bi shafi-shafi. Tsofaffin da Faransanci ko Sifaniyanci aka rubuta su da hannu, don haka mai karatunmu na Maraɗi ko Damagaram ya fi na Zariya sa'a a wannan ɗaki.

Kada ka raina littattafan coci. Dokar bayi ta 1724 ta tilasta a yi wa kowane bawa baftisma a cocin Katolika, limamin kuma yakan rubuta sunan jariri da na uwarsa da na ubangida. Suna ofishin babban bishof na birnin, kuma gara ka rubuta musu kafin ka je.

Duk da haka, abin da ya fi shafar mu a ƙauye aka tono shi. New Roads ƙaramin gari ne a farish ɗin Pointe Coupee, a bakin wani tafki da kogin Misisifi ya bari lokacin da ya sauya hanya. A kotun garin ne masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta ci karo da tsofaffin takardu a 1984, ta ga magatakarda suna rubuta ƙabilar bawa kusa da sunansa. Ta shafe shekaru tana bin kotunan jihar da taskokin Faransa da Sifen, har ta tara bayanai sama da 100,000 na tsakanin 1719 da 1820, waɗanda yanzu suke intanet kyauta. Akwai Wolof, Bambara, Fulani, Yarbawa da aka rubuta Nago, Ibo, da mutanen Kwango waɗanda suka fi kowa yawa. Akwai kuma Hausawa sama da 100, kusan dukkansu maza. Bafaranshe yakan haɗiye harafin h, don haka in kana karanta asalin takarda kada ido ya tsallake Aoussa.

A nan ne mutane suke gaggawa. Wani ya yi gwajin ƙwayar halitta an ce masa yana da jinin arewacin Najeriya, ya ga Bahaushe a jerin Hall, sai ya ɗaura su aure. A'a. Jerin ya tsaya a 1820, ƙidaya ta soma a 1870, tsakani akwai shekara 50, kuma takardar rabon gado ce gadar. In ubangida ya mutu, kotu takan lissafa dukiyarsa, a rubuta bayi da suna da shekaru da kuɗin da aka ƙiyasta, sau da yawa uwa tare da ƙananan 'ya'yanta. Ka bi sunan daga gado zuwa ciniki, daga ciniki zuwa gado, har ya haɗu ko ya yanke.

Yana iya yankewa don mutumin ba daga teku ya zo kai tsaye ba. Bayan an haramta shigo da bayi daga waje a 1808, sai aka riƙa kwaso su daga Virginia da Maryland zuwa gonakin rake da auduga, kuma takardun jiragen da suka sauke su a New Orleans suna ɗauke da sunaye. A 1838 limaman da ke tafiyar da kwalejin Georgetown suka sayar da mutum 272 zuwa Luwiziyana. Ta hanyar takardun cinikin da littattafan coci aka gano zuriyarsu, da yawa a garin Maringouin.

In ka gama da takardu, bi hanyar bakin kogi zuwa gonar Whitney a Wallace, tafiyar kamar awa ɗaya daga New Orleans tsakanin gonakin rake. An mayar da ita gidan tarihin bauta a 2014, kuma ɗan Senegal, Ibrahima Seck, shi ya jagoranci bincikenta. An sassaƙa sunayen jerin Hall a kan allunan dutse a fili, babu inuwa. Tafi da ruwa da hula, ka kuma guji Agusta da Satumba, lokacin guguwa ne.